Binne da jiran ruwa: abin da Kiristocin jihar Tawa suka dogara da shi gaban mutuwa

Shekara da shekaru ke nan ma'aikatan gwamnati a Tawa, kamar ƴan'uwansu na sauran jihohin Nijar, suna rufe ofis ranar Litinin ta Paska su huta. Banki a rufe, lakwal a rufe, ɗan kasuwar da ke da takarda a duwan sai ya dangana har Talata. Kowa na jin daɗin hutun, amma da yawa daga cikinmu ba za su iya faɗin dalilinsa ba, in ban da cewa wata salla ce ta Kiristoci. To, Paska, wadda a Nijeriya ake kira Ista, ita ce babbar sallarsu, ta fi Kirsimati daraja a wurinsu, kuma maganar mutuwa ce tushenta. A ranar ce suke tuna abin da suka yi imani da shi, cewa Yesu Almasihu ya mutu, an binne shi, ya kuma tashi a rana ta uku. Duk yadda Kirista yake kallon tasa mutuwar, daga nan ya samo shi.

Sanin wannan yana da amfani ga mutumin Kalfu ko na birnin Tawa, ko da kuwa kusan duk wanda ya buɗe ido ya gani a garinsu musulmi ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar, Kiristoci kuwa ba su kai kashi 1 ba. Amma Ba'adare mutum ne mai tafiya. Samarin Kalfu da na sauran garuruwan Adar suna biɗa a Abijan da Lome da Kwatano da Jos, inda mai gidan haya ko abokin ciniki yakan zama Kirista. A cikin Tawa kanta akwai malaman lakwal, da ma'aikatan likita, da makanikai, da masu sayar da kayan mota, waɗansu ƴan ƙasa, waɗansu daga Benin da Togo da Burkina Faso da Nijeriya, waɗanda ke zuwa majami'a ranar Lahadi. Ran da ɗayansu ya rasu, maƙwabta sukan ji waƙa tana tashi daga gidan makoki har tsakar dare, sai mamaki ya kama su: yaya za a yi rashi a kama waƙa? Rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana abin da ke bayan wannan waƙa.

Inda aka haɗu da inda aka rabu

Musulmi da Kirista sun yi tarayya a kan abubuwa da dama game da mutuwa. Dukansu sun yarda cewa rai na Allah ne, shi ke bayarwa, shi ke karɓa. Cewa kabari ba shi ne ƙarshen mutum ba. Cewa akwai tashin ƙiyama da hisabi. Dukansu kuma suna jiran komowar Almasihu a ƙarshen zamani. Inda hanya ta rabu shi ne wurin gicciye. Musulunci ya koyar da cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare shi. Kiristanci kuwa ya koyar da cewa an gicciye shi ran Juma'a a Urushalima, zamanin da Bilatus yake gwamnan Rumawa a ƙasar, ya mutu domin ɗauke zunubin mutane, aka tarar da kabarinsa ba kowa ran Lahadi da asuba. Wannan saɓani ne na gaske, kuma ba a yi wa kowane ɓangare adalci ba in an rufe shi.

Abin da ya biyo baya ga Kirista shi ne, tunda wanda yake bi ya shiga kabari ya fito, shi ma kabari ba zai riƙe shi ba. Yana kuma ɗaukar cewa gafarar da zai tsaya da ita gaban Allah kyauta ce da aka riga aka biya masa, ko da yake ayyukansa su ne shaidar cewa imaninsa na gaskiya ne. Wannan tabbaci shi Kiristocin ƙasar Hausa suke kira bege, ko sa zuciya. Kalmar bege, kamar yadda kuka sani, a bakin musulmi tana nufin ƙaunar Manzon Allah da marmarin ganinsa, irin na sha'irai. A bakin Kirista tana nufin jiran alkawarin da ya tabbata za a cika. Kalma ɗaya ce, kowa da inda ya fuskantar da ita, amma a wuraren biyu akwai zuciyar da ke ɗokin saduwa.

Misalin da manomin Adar ya fi kowa ganewa

Manzo Bulus, wanda ya rubuta wasiƙu da yawa na Sabon Alkawari, ya keɓe sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa ga maganar tashin matattu. A cikinta ya kamanta gawa da ƙwayar iri: abin da aka sa a ƙasa ƙarami ne, marar ƙarfi, abin da zai fito kuwa ya fi shi kyau nesa ba kusa ba.

Bahaushe ya riga ya haɗa abubuwan nan biyu cikin kalma guda. In bazara ta yi nisa, hadari yana haɗuwa yana watsewa, manomin Adar yakan ɗauki sungumi ya shiga gona ya zuba irin hatsi cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Sunan wannan aiki binne, kalmar da muke faɗa in an kai mamaci makwancinsa. Wanda bai san noma ba, in ya ga magidanci ya ɗebi hatsin da ya rage a rumbu, a watan da yara ke kwana da ƙarancin tuwo, ya je ya turbuɗe a rairayi, zai ce asara ce. Manomi kuwa ya san abin da yake jira. Zuciyarsa takan yi ɗar-ɗar, domin ruwa na iya jinkiri, ɓera da zabi na iya tonewa, amma bai fasa ba. Haka Kirista yake ɗaukar kai ɗan'uwansa kabari, sai dai shi yana cewa ruwan da yake jira ba ya saɓa alkawari.

Ma'aikatan da suka yi karatun faransanci sun san kalmar cimetière, wato maƙabarta. Asalinta daga harshen Girkanci ne, ma'anarta wurin kwana, kuma Kiristocin farko ne suka yaɗa ta, domin suna ɗaukar mamaci a matsayin mai barci da za a tayar. Mu ma muna cewa wane ya kwanta dama, muna roƙon Allah shi haskaka makwancinsa.

Yadda suke jana'iza

Musulmi yakan gaggauta: wanka, likkafani, salla, a kai mamaci a makara tun rana ba ta faɗi ba, sa'an nan a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in inda aka saba. Kirista ba shi da dokar gaggawa. In akwai ɗakin ajiye gawa, akan jinkirta kwana biyu ko fiye har dangi su iso daga nesa, abin da ke da muhimmanci ga wanda aiki ya kawo shi Tawa daga wata ƙasa. Daren jajibiri akan kwana zaune ana karatun Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi. Da safe a kai akwatin majami'a, pasto ko limamin Katolika ya yi wa'azi, sa'an nan a nufi maƙabarta, maza da mata tare.

Waƙoƙin ba na shagali ba ne. Maganarsu ita ce tashin matattu da sake saduwa, kuma sau da yawa mai rera su hawaye na zuba a fuskarsa. Addinin bai hana kuka ba. Linjila ta ba da labari cewa Yesu da kansa ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa Li'azaru, kuma a daren da za a kama shi ya shiga matsananciyar damuwa har ya roƙi a ɗauke masa abin da ke tafe. Abin da Bulus ya gargaɗi mutanen Tasalonika a kai shi ne baƙin ciki irin na wanda ya fid da rai ɗungum.

Tsakanin Kiristocin ma akwai bambanci. Ƴan Katolika suna shafa wa mai ciwon ajali mai tare da addu'a, suna yi wa mamaci addu'ar neman rahama, kuma ranar 2 ga Nuwamba ta kowace shekara sukan ziyarci kaburbura su share su. Ƴan majami'un bishara kuwa, irin su EERN, ba su yi wa mamaci addu'a, domin a ganinsu al'amarinsa ya riga ya koma hannun Allah. Addu'arsu ga waɗanda aka bari take. A fannin Katolika, jihar Tawa tana ƙarƙashin yankin bishop na Maraɗi, wanda aka kafa a 2001.

Daga Girku zuwa Galmi

Magana ba ta da wuya, kowa na iya cewa ba ya tsoron mutuwa in yana zaune a inuwa da ƙoshin lafiya. Ma'aunin gaskiya shi ne abin da wannan imani ya sa mutum ya aikata. A nan jihar Tawa akwai shaidar da kowa ya sani, wato asibitin Galmi, a kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, garin da albasarsa ta yi suna har bakin teku.

Tarihin wannan asibiti ya faro ne daga kaburbura biyu. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasashen Hausa. Tun a can aka faɗa musu cewa ba za su kai labari ba, domin zazzaɓi yana kashe Turawa a lokacin kamar ƙudaje. Ba su koma ba. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma Kanada da ciwo a jikinsa, ya sake gwadawa a 1900 bai yi nasara ba, sai a 1902 ƙungiyarsa ta samu wurin zama a Patigi, bakin kogin Kwara. Wannan ƙungiya ita ce SIM. Ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ta zauna a Tsibiri ta Gobir, ta buɗe asibitin Galmi a 1950 a hannun likita Burt Long, sa'an nan asibitin kutare na Danja, kusa da Maraɗi, a 1956. A wancan tsakani ne, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya yi shekaru a kansa tare da mataimakansa Hausawa.

Masu mishan sun zo ne domin yaɗa addininsu, ba su kuma ɓoye haka ba, shi ya sa malamai da yawa suka dube su da shakka tun zamanin mulkin mallaka. Duk da haka, mafi yawan waɗanda suka kwanta a gadajen Galmi cikin shekara fiye da 70 musulmi ne, daga Adar da Gobir da Azawak da arewacin Nijeriya, suka warke suka koma garuruwansu da addininsu. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya taɓa kuturu a zamanin da danginsa ma suke ware masa ƙwarya, ko ya tsaya kan mai sanƙarau da mai kwalara sa'ad da annoba ta ɓarke. Ma'aikatan likita musulmi suna yin irin wannan tsayuwa kullum a asibitocin gwamnati, suna neman lada wurin Allah. Kirista in an tambaye shi nasa dalili, zai ce ransa yana ajiye a wurin da ciwo ba ya kaiwa, don haka yana iya kashe kwanakinsa a kan wani.

Wannan ɗabi'a tsohuwa ce, kuma a Afirka ta yi ƙarfi tun farko. Wajen shekara ta 250 bayan haihuwar Almasihu wata annoba ta auka wa daular Rumawa. A birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, mutane suna gudu suna barin marasa lafiyarsu a titi. Bishop na garin, Sifiriyan, ya umarci mabiyansa su yi jinya su kuma binne gawawwaki, har da na waɗanda ba Kiristoci ba. Shi kansa hukuma ta fille masa kai a shekara ta 258 saboda ya ƙi barin addininsa.

Rashin tsoro dabam, neman mutuwa dabam

A wannan zamani da ake samun masu ɗaura bam su shiga kasuwa suna cewa ba su tsoron mutuwa, dole a rarrabe. Kiristanci, kamar Musulunci, ya haramta wa mutum kashe kansa, balle ya ja wasu. Tun ƙarnonin farko shugabannin majami'a suka tsawata wa masu kai kansu ga hukuma da gangan domin a kashe su a kira su shahidai. Abin da aka yaba shi ne mutum ya tsaya kan amanarsa in mutuwa ta iske shi a wurin.

Misalin da masu sauraron rediyo za su tuna shi ne na Tibhirine, a ƙasar Aljeriya. Waɗansu masu ibada Faransawa suna zaune a wani ƙauyen musulmi a kan duwatsu, ɗayansu, ɗan'uwa Luc, likita ne da ke duba talakawa kyauta. Da yaƙin basasa ya yi tsanani aka shawarce su su tashi, suka yi shawara suka zaɓi zama da maƙwabtansu waɗanda ba su da inda za su gudu. A ƙarshen Maris na 1996 aka sace bakwai daga cikinsu, bayan wata biyu aka ba da sanarwar kashe su. Shugabansu, Christian de Chergé, ya riga ya bar wasiyya tun shekara biyu kafin haka, inda ya yafe wa wanda zai kashe shi, ya kuma roƙi kada a ɗora laifin a kan Musulunci ko a kan mutanen Aljeriya.

Kusa da mu kuma, a Abalak, arewa maso gabas da Tawa, an sace Ba'amurke Jeffery Woodke a watan Oktoba na 2016, mako guda bayan harin Tazalit da ya ci sojoji 22. Kirista ne da ya yi shekara fiye da 20 yana aikin taimako tsakanin Buzaye da Fulani makiyaya. An kashe mai gadinsa da wani jami'in tsaro a daren. Sai a watan Maris na 2023 aka sako shi, bayan shekara 6 da watanni. Da ya koma gida bai nuna kansa jarumi ba. Ya shaida wa manema labarai cewa an ɗaure shi da sarƙa, an doke shi, kuma ya sha wahalar da ta kai shi gargara. Wannan ya nuna cewa mai bege shi ma ɗan Adam ne, jikinsa na rawa, zuciyarsa na karaya. Iyakar abin da imaninsa ya ba shi shi ne wurin da zai koma ya jingina in tsoron ya kayar da shi. Malaman Musulunci ma sun daɗe suna koyar da cewa mumini yana tafiya ne tsakanin tsoro da kyakkyawan zato ga Ubangijinsa.

Kiristocin Nijar ƴan ƙasa sun sha tasu jarrabawa a ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015, sa'ad da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu, kuma ƴan sanda sun ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai kaɗai. Mutanen da ba su da hannu a abin da aka zana a Faransa su ne suka kwana a ɓoye, waɗansu a gidajen maƙwabtansu musulmi da suka buɗe musu ƙofa. Shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, ya yi Allah wadai da abin, aka yi kwana uku na juyayi. Shugabannin Kiristoci kuwa suka fito suka ce sun yafe, ba a kuwa ji an ɗauki fansa ba. Wanda ya gaskata cewa akwai Alƙali a gaba, bai ga dalilin yanke hukunci da hannunsa ba.

Abin da ya rage gare mu

Mutuwa rigar kowa ce, kuma jihar Tawa ta san ɗacinta: yunwar 1984, ƙarancin abinci na 2005, kisan mutum 137 a ƙauyukan Tillia a watan Maris na 2021, ga samarin da hamada ke cinyewa a hanyar Libiya. Ba ta tambayar addinin kowa kafin ta shiga gida. Saboda haka akwai abubuwa kaɗan da suka rataya a wuyanmu.

Ga ma'aikacin da ke riƙe da sha'anin filaye a ofishin magajin gari, ya tuna cewa jama'a komai ƙanƙantarta tana bukatar wurin binne matattunta, da takarda da shinge, kada gari ya faɗaɗa ya haɗiye shi. Ga shugaban ma'aikata, in abokin aiki Kirista ya rasu nesa da garinsu, jinkirin kwana biyu da iyalinsa suka nema ba raina gawa ba ne, al'adarsu ce, a taimaka musu da takardu da mota kamar yadda ake yi wa kowa. Ga dangin da ɗansu ya bi wani addini dabam da nasu, ko ta wane ɓangare, gara a yi magana tun yana da rai a kan yadda za a yi masa sutura, da a tsaya ana jayayya gawa na kwance. Ga ɗan kasuwa kuma, in abokin cinikinka ya yi rashi, ka je ka zauna, ko da ba za ka shiga ibadarsu ba. Ba sai ka nemi wata sabuwar kalma ba: "Allah shi ba da haƙuri" ta isa, kowa ya san ta, kowa na amsawa da amin.

Allah shi jiƙan waɗanda suka riga mu, shi ba masu jinya lada, shi zaunar da ƙasarmu lafiya, in tamu ta zo shi sa mu cika da kyau.